Bindigar Katako a Gonar Gero

Cikin duk shekarun da na yi ina koyarwa, ranar da ba ta taɓa fita daga raina ba ita ce wata Asabar ta ƙarshen damina, da na fita da 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo ɗaukar fim. Ku ƙananan malamai da kuka yi aiki a ƙarƙashina kun sha yin gunaguni kan yawan tambayoyina duk lokacin da wani ya ce zai fita da yara wajen makaranta. Tunda na ajiye aiki yanzu, bari in ba ku labarin yadda abin ya faru.

A lokacin ban daɗe da kama aiki ba. Ina koyar da Hausa a wata ƙaramar sakandare ta jeka-ka-dawo a nan Illela. Ga wanda bai san tsarin makaranta ba, kowace ƙungiyar ɗalibai tana da malamin da shugaban makaranta ya ɗora wa kula da ita. Duk abin da ya sami yaro a harkar ƙungiyar, malamin nan za a fara tambaya kafin kowa. Ni aka ba ƙungiyar wasan kwaikwayo, kuma iyakar aikinmu a da shi ne ɗan wasa a filin makaranta ranar ba da hutu.

Shekarar nan kaset ɗin finafinan Hausa ya cika gari, yara suka ce su ma fim za su yi. Wadda ta kawo maganar ita ce Rabi, 'yar aji uku, yarinya mai kaifin baki da son tsara mutane. Yayanta yana ɗaukar bidiyon biki a Illela da Ƙonni, ya koya mata riƙe kyamara, ya kuma yarda ya ara mana ita in ba shi da aiki. Labarin kuwa daga Bello ya fito, ɗan wata rugar Fulani da ke wajen Kalmalo. A shekarar da ta gabata ɓarayi sun kore musu shanu, sun kashe ɗan baffansa da ke kiwon su. Bello ya ce yana so a yi labarin, amma a fim ɗin makiyayin ba zai mutu ba, kuma shanun za su dawo. Da na ji haka sai na ce a yi.

Na bi ƙa'ida yadda take. Na kai wa shugaban makaranta maganar, ya karanta labarin, ya sa hannu. Ya ce, "Malama, ɗiyan mutane ne hwa a hannunki. Ki tahi da su, ki maido su kahin azahar."

Na ce, "In Allah ya yarda, ranka shi daɗe."

Iyayen yara duk an tambaye su sun amince. An sanar da mai gari. Mahaifin Bello ya ba mu aron 'yan shanu, ya ce shi da kansa zai tsaya tare da mu. Wani kafinta ya sassaƙa mana bindigogi biyu na katako, yara suka shafe su da baƙin fenti suka ɗaura musu igiyar ratayawa. Jini kuma zoɓo ne aka dafa ya yi kauri.

Bello ne makiyayi. Ɓarayin su ne Lawwali da Nasiru. Lawwali ɗan siriri ne, ko ya naɗa rawani ka san yaro ne. Nasiru kuwa ya girmi tsararrakinsa a jiki, dogo, mai faɗin kafaɗa, ɗan wani mai fataucin albasa. Da ya sa tsohuwar rigar ubansa ya rufe fuska da baƙin rawani, sai sauran yara suka yi ta dariya suna cewa ko su sun tsorata. Ni ma na yi dariyar.

Da safiyar Asabar muka isa wani burtali, wato hanyar shanu da ake bari tsakanin gonaki. Gero ya yi kai, ya fi mutum tsawo a hagu da dama. Muna isa Bello ya ce mini an yi rasuwa a Amarawa, mahaifinsa ya tafi jana'iza tun da sassafe, amma ya bar mana shanun. Abin da Bello bai sani ba shi ne baffansa Sanda, uban yaron da aka kashe, yana kan hanyarsa ta dawowa a safiyar nan daga arewa, inda ya kwana biyu da sauran garken. Bai san komai game da fim ba. Mahaifiyar Bello ta ji ana maganar wasan makaranta, amma ba wanda ya gaya mata irin wasan, ko inda za a yi shi.

Rabi ta tsara kowa. Bello yana tsaye da sanda a kafaɗa, ɓarayi su fito daga gero, su buge shi ya faɗi, su kora shanu. Mun yi an sake, mun yi an sake, don Lawwali yana ta dariya a tsakiyar faɗa. A karo na ƙarshe komai ya tafi daidai. Bello ya yi ƙara kamar gaske, ya matse ledar zoɓon da ke cikin rigarsa, ya kife a ƙasa. Lawwali ya tsaya a kansa. Nasiru ya kora shanu ya yi gaba da su cikin burtali, yadda Rabi ta ce masa ya yi nisa don a ɗauko shi yana ɓacewa.

Sai muka ji kururuwa daga kan wani ɗan tudu a bayanmu.

Na juya na ga mace ta saki ƙwaryar nono ta ɗora hannu biyu a ka. Mahaifiyar Bello ce. Daga inda take ba ta ganin mu, gero ya kāre mu. Abin da take gani kawai shi ne ɗanta kwance cikin ja, mutum mai bindiga a kansa, wani yana tafiya da shanu. Ban taɓa jin irin muryar nan ba, kuma ba na fatan sake ji. Kafin in ce wani abu, wata murya ta amsa daga gona, wata ta amsa daga gaba, har abin ya zagaye mu. Ana cewa ɓarayi, an kashe yaro.

Na ce, "Bello, tashi. Tashi ta gan ka."

Ya miƙe ya ruga wajenta. Lawwali ya yar da bindiga, ya warware rawani, ya zo ya riƙe gefen mayafina. Manoman da suka fara fitowa wajenmu, da laujuna da adduna a hannu, suka ga yara sanye da kayan makaranta da yarinya riƙe da kyamara, suka tsaya suna tambaya, "Mi ya faru? Mi kuke yi nan?" Ina cikin yi musu bayani Rabi ta taɓa ni. Ta ce, "Malama, Nasiru."

Ya yi nisa a burtalin. Na hango shi tsaye a bayan shanu yana waiwaye. Daga ɗaya ƙarshen burtalin wasu mutane sun ɓullo a guje, su sun hango Bello kwance cikin ja daga nesa, ba su ga ya tashi ba, ba su ga mu ba. A gabansu wani dogon mutum da takobi tsirara. Na ɗaga murya iya ƙarfina na ce Nasiru ya cire rawani ya zauna. Bai ji ba, ko ya ji tsoro ya hana shi fahimta. Ya dubi mutanen, ya juya, ya faɗa cikin gero da rawaninsa da bindigarsa a rataye a baya.

Duk wanda ya zauna a ƙauye ya san ma'anar gudu a irin wannan lokaci. Wanda ya gudu ya amsa laifinsa ke nan. Mutanen suka bi shi cikin gonar.

Na ce wa Rabi ta tara yara wuri ɗaya, kada kowa ya motsa. Na ce wa wani dattijo cikin manoman ya kira Bello ya biyo ni, ya riƙa kiran baffansa da Fulatanci, don dattijon ya gaya mini mai takobin Sanda ne. Na ɗaure mayafina a ƙugu na shiga geron.

Wanda bai taɓa gudu cikin gero mai kai ba ba zai gane ba. Ba ka ganin komai sai kara da ganye. Ganyen yana yankar fuska. Kunyoyi suna sarƙe ƙafa. Takalmana suka fita ban san inda ba. Ina jin muryoyi a gaba, in na nufi can sai in ji sun koma dama. Ina gudu ina cewa yaro ne, ɗan makaranta ne, wasa ne, amma numfashina ya ƙare, muryar ba ta wuce bakina. Abin da ke yawo a kaina shi ne fuskar mahaifiyar Nasiru, wadda ta leƙo zaure da safe ta ce mini bai karya ba, in sa masa ido.

Sai na ji ƙarar bindigar toka.

Na faɗi a kan kunya. Tsuntsaye suka tashi. Gonar ta yi tsit na ɗan lokaci. Na ce Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na ce shi ke nan, an kashe ɗan mutane. Ban san abin da ya tashe ni ba. Na ji wani yana cewa, "Ga shi nan, wajen shinge," sai na miƙe na nufi muryar.

Na fito a bakin gonar, inda aka yi shingen ƙaya tsakaninta da wani lambu. Nasiru ya yi ƙoƙarin tsallakewa, ƙayar ta riƙe rigar. Yana durƙushe, ya dunƙule kansa cikin hannuwansa, jini na gaske yana bin cinyarsa. Mutane sun yi masa rabin da'ira. Ba su afka masa ba tukuna saboda bindigar da ke bayansa, suna tsoron kada ya juyo da ita. Wannan 'yar shakkar ce ta ba ni lokaci. Sanda yana gaba, yana matsowa a hankali, takobi a sama.

Na ratsa tsakaninsu na faɗa a kan yaron, na rufe shi da jikina.

Sanda ya ce, "Ke, kauce."

Na ce, "Baffa, ɗalibina ne. Yaro ne. Wasan makaranta munka zo yi."

Ya ce, "Wasa? Na ga jini da idona. Haka sunka yi wa nawa bara. Kauce, ba ni son taɓa mace."

Wani daga baya ya ce, "Tare suke, a haɗa da ita." Na ji maganar ta ratsa ni kamar ruwan sanyi. Idon Sanda ya yi ja, amma ba ni yake kallo ba, kamar yana kallon wani abu a bayana. Na gane cewa magana ba za ta shiga ba. Na juya na kama rawanin. Yara sun ƙulle shi tam a ƙeya don kada ya warware a tsakiyar ɗauka. Na ja da yatsu, ƙullin ya ƙi. Ina jin takun Sanda a bayana. Na sa haƙori na ja, na fizge ƙyallen ƙasa da ƙarfi har ya goge masa hanci.

Fuskar yaro ta fito, ba ko gashin baki, hawaye da majina sun haɗu. Bakinsa yana motsi ba sauti. Na ciro bindigar daga kafaɗarsa na jefa gaban Sanda. Ta faɗi a ƙasa ba nauyi, gefen da fenti bai kama ba yana sama.

Sanda bai sauke takobin ba. A nan ne Bello ya fito daga gero yana haki, yana kiran baffansa da Fulatanci, rigarsa ja jawur. Sanda ya juya ya dube shi. Ya miƙa hannun hagu ya shafa ƙirjin yaron, ya ɗaga rigar ya duba cikinsa, ya shinshina yatsunsa. Sannan takobin ya sauka. Ya zauna daɓas a ƙasa, ya rufe fuska da hannu biyu, yana kiran wani suna. Daga baya Bello ya gaya mini sunan ɗansa ne da ya rasu.

Aka ɗauki Nasiru a amalanke zuwa bakin hanya, daga nan mota ta kai mu asibiti. Harbin bai same shi sosai ba, 'yan ƙarafa ne suka shiga cinya, aka ciro su. Wanda ya yi harbin wani manomi ne, shi ya riƙe ƙafar yaron a amalanken har bakin hanya yana kuka.

Abin da ya biyo baya shi ne abin da kuka sani a aikin nan. Na rubuta rahoto, shugaban makaranta ya kai ofishin ilimi, aka kira ni aka yi mini tambayoyi. An zauna gaban mai gari da iyaye. Mahaifin Nasiru ya yi faɗa sosai, kuma ban ga laifinsa ba. Ya ce, "Karatu na kai shi, ban kai shi a harbe shi ba." Shugabanmu ya tsaya mini, ya ce ba abin da ƙa'ida ta ce a yi da ban yi ba. Duk da haka ya dakatar da ƙungiyar, ya ce maganar fim ta mutu. Nasiru ya warke a ƙafa, amma ya daɗe ba ya magana a aji. In aka buga ƙofa da ƙarfi sai ya zabura.

Bayan an yi girbi, wata safiya aka ce ana sallama da ni a bakin ofis. Na fito na ga Sanda tsugune da sandarsa. Muka gaisa, sannan ya ce, "Malama, Bello ya ce cikin wasan naku yaron bai mutuwa."

Na ce, "Haka ne, Baffa."

"Shanun kuma suna dawowa."

Na ce, "Suna dawowa."

Ya ce, "To ku ƙare shi. Ni zan tsaya, in ga wanda zai taɓa ku."

Shi ya je ya roƙi shugaban makaranta, ya kuma je gidan su Nasiru ya durƙusa a zaure. Muka ƙarasa ɗaukar a fili fetal, gonaki duk an yanke, ana hango mutum daga nesa, rabin ƙauyen suna tsaye suna kallo. Nasiru ya zo amma ya ƙi sa rawani, sai Rabi ta ɗauke shi ta baya. Fim ɗin gajere ne, hoton yana rawa, iska ta cinye rabin maganar. An nuna shi sau ɗaya a makaranta da janareto. Sanda ya zauna a gaba, ya kalla har ƙarshe, ya tashi ya tafi.

An yi shekara ashirin da wani abu. A hutun Sallar da ta wuce Rabi ta zo gidana. Yanzu tana aikin ɗaukar hoto a wani gidan talabijin a Sakkwato. Ta ce ta tsinci kaset ɗin cikin kayan yayanta, ta sa an juye shi a waya, kuma ta kira sauran. Bello ya zo, yana aikin allurar dabbobi. Lawwali ya zo daga shagonsa. Nasiru ya zo a ƙarshe, ya gaji ubansa a fataucin albasa, ya yi ƙiba, furfura ta fara fito masa. Sanda ya daɗe da rasuwa.

Kafin a kunna aka yi ta hira, sai na ga kowa da abin da ya riƙe. Lawwali ya rantse cewa ya ga na ƙwace takobin da hannuna, alhali yana burtali a lokacin. Bello abin da ya fi tunawa shi ne marin da mahaifiyarsa ta yi masa bayan ta gama rungumarsa. Suka yi ta dariya. Muka kalli fim ɗin, suna nuna juna suna tsokana.

Da ya ƙare Rabi ta ce akwai saura. Ashe ranar ba ta kashe kyamarar ba, ta rungume ta a ƙirji ta manta. Ba abin da ake gani sai sama da kan gero yana kaɗawa. Amma ana jin komai. Kururuwar tana nan, da kukan yara, da muryar wata mace tana nisa tana cewa yaro ne, yaro ne. Sai da Rabi ta dube ni na gane muryata ce. Kafin a kai wajen harbin Nasiru ya miƙe ya fita.

Na same shi a ƙofar gida, jingine da motarsa. Ya ce, "Malama, ki yi haƙuri. Har yau ba ni iya shiga gero in ya yi kai. Gonata ma sai dai in tsaya bakin hanya in aika. Ɗiyana sun ɗauka ƙyuya ce." Sannan ya ce, "Da yanzu ne, yadda daji ya lalace, ba wanda zai tsaya jiran a cire rawani." Ban musa masa ba, don ni ma tunanin da ke hana ni sukuni ke nan.

Abin da na koya a aikin nan daga ranar shi ne izini yana kāre malami a ofis, amma ba ya kāre yaro a daji. Duk waɗanda ƙa'ida ta ce a sanar mun sanar da su, sai dai mutanen da suka fi kusa da ciwon ba su cikin waɗanda ƙa'ida ta ambata. Tun daga lokacin, in za a fita da yara, nakan tambayi wa zai hango su daga nesa, me zai zata, kuma me ya taɓa samunsa. Mutanen da suka bi Nasiru ba mugaye ba ne. An taɓa cutar su ne, suna zaune da tsoro, wasan yaranmu ya faɗo a kansa. Ban kuma yarda a hana yara irin wannan abu ba, don na ga abin da ya kawo Sanda bakin ofishinmu.

Kafin Nasiru ya shiga mota ya ce babbar 'yarsa ta dame shi, ita da ƙawayenta suna so su ɗauki fim da waya a ƙauyen kakarta. Ya ce, "In bar ta, Malama?"

Na ce ya bar ta, amma ya je da kansa tun kafin ranar, ya bi gida gida da gona gona ya gaya wa kowa, har matan da ke kai nono kasuwa.

Ya daɗe yana juya makullin mota a hannunsa. Ya ce, "Zan kai ta. Amma sai an yi girbi."